Bawul Ɗin Ratse a Injin Turbo: Aikinsa, Saitinsa da Matsalar Sunansa a Hausa

Tsakure

Motoci masu injin turbo suna ƙara yawa a hanyoyin kudancin Jihar Sakkwato, kuma sun shigo da wasu sassan inji waɗanda Hausa ba ta riga ta tsayar musu da suna ba. Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato bawul ɗin da ke sakin iskar da turbo ya matsa a lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur. An bayyana aikinsa, da yadda ake saita irin wanda ake saye a kasuwa a maye gurbin na kamfani, da dalilin da ya sa ake rikita shi da wani bawul da ke maƙwabtaka da shi. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, kuskuren saiti sau da yawa daga kuskuren suna yake farawa.

Fitilun kalmomi: turbo, bawul, totur, kalmomin aro, ƙirƙirar kalmomi, makanikanci

Gabatarwa

Jabo gari ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, wadda ke maƙwabtaka da ta Kebbe. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega ta ratsa ƙasar Tambuwal, kuma a kanta ake ganin tireloli da tifofi da motocin haya masu ɗauke da fasinja da buhunan gero da albasa. Duk inda irin wannan zirga-zirga take, akwai gareji, akwai bakanike da yaransa, akwai kuma harshen sana'a da suke magana da shi.

Wannan harshe ya ginu ne a zamanin wani irin inji. Tun daga 1975 da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ƙirar 504 ta zama makarantar da mafi yawan makanikan Arewa suka koyi aiki a jikinta. Kalmomin da suka zauna daram a bakin Bahaushe, kamar kafireto da fulogi da lagireto da salansa da fistin da totur, sunayen sassan irin wannan inji ne: inji mai zuƙar iska da kansa, wanda ake kwance shi da sifana a gane ciwonsa da ido da kunne. Injin turbo ya zo da wani tsari na daban, amma ya tarar da tsofaffin kalmomi, sai aka ci gaba da bayyana shi da su.

Mene ne turbo?

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai a cikin iska. A injin fetur, kowane awo ɗaya na mai yana bukatar kimanin awo 14.7 na iska, ta fuskar nauyi, kafin ya ƙone sarai. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da ya iya haɗiya. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san wannan: gawayi ɗaya ne, amma wutar da ake zuga wa iska da zugazugi ita ke narka ƙarfe.

Turbo zugazugin inji ne, sai dai ba hannu ke motsa shi ba. Farfela biyu ce a kan sanda guda. Ta farko tana kan hanyar hayaƙi, hayaƙin da ke fita da zafi da ƙarfi shi ke juya ta. Ta biyu tana kan hanyar shigar iska, tana zuƙo iska ta matsa ta ta tura cikin inji. Sandar tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma a mafi yawan motoci baƙin mai kaɗai ke raba ta da mazauninta. Injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan injunan dizal kafin ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962, a ƙirar Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A yau kamfanoni sun rungume ta domin ƙaramin inji ya yi aikin babba ba tare da shan mai irin na babba ba.

Kalmar kanta ba ta ba Hausa wahala ba. Gaɓoɓinta biyu, tur da bo, sun dace da tsarin gaɓar Hausa kamar yadda turba da turmi suka dace, don haka ta shigo ba tare da an yi mata kwaskwarima ba. Wahalar tana ga 'yan rakiyarta.

Ƙofofi biyu da ake ɗauka ɗaya

Injin fetur mai turbo yana da ƙofofin rage matsi guda biyu, kuma duka biyun bawul ake ce musu a gareji. Ta farko tana ɓangaren hayaƙi. Idan matsin iskar da turbo ke turawa ya kai iyakar da kamfani ya ƙayyade, wanda a motocin yau da kullum yakan kasance tsakanin rabin bar zuwa bar ɗaya a kan matsin iskar sarari, sai ta buɗe ta bar wani ɓangare na hayaƙin ya wuce ta gefe ba tare da ya taɓa farfela ba. Ita ce ke yanke hukuncin yawan ƙarfin da turbo zai bayar. A nan za a kira ta ƙofar hayaƙi.

Ta biyu tana ɓangaren iska, kuma don a fahimce ta sai an koma ga kalmar totur. A bakin direba, totur shi ne abin da ake takawa da ƙafa. A cikin inji kuwa, abin da kalmar asali take nufi shi ne wani faifan ƙarfe da ke cikin bututun shigar iska, wanda ke buɗewa idan an taka, ya rufe idan an saki. Ma'anar ta tashi daga ƙofa ta koma kan abin buɗe ƙofar, kuma a injin 504 wannan sauyin ma'ana bai cutar da kowa ba. A injin turbo yana ɓoye abu mafi muhimmanci: wanda ya ɗaga ƙafa daga totur ya rufe ƙofa ne a fuskar iskar da ke tafe da gudu.

Farfelar ba ta tsayawa nan take, domin tana da saura gudu. Tana ci gaba da turo iska, iskar kuma ba ta da wurin zuwa. Sai matsi ya taru a bututu, iskar ta fara komawa baya ta cikin farfelar da ta turo ta, ta sake yin gaba, ta sake komawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Wannan shi ne sautin da ake ji kamar fiffikar tantabara idan an saki totur. Yana rage wa turbo gudu, ta yadda idan aka sake takawa bayan canza giya sai motar ta yi jinkirin amsawa, kuma yana jijjiga sandar a kan mazauninta. Bawul na biyu an sa shi ne domin ya buɗe wa wannan iska hanyar ratse a daidai lokacin da ƙofar totur ta rufe. Shi ne bawul ɗin ratse. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Aikinsa na ɗan lokaci ne, tsakanin sakin totur da sake taka shi.

Akwai abin lura game da injin dizal, wanda shi ne mafi yawan turbo da ke bin hanyar Tambuwal, a tireloli da tifofi da taraktoci. Injin dizal ba ya sarrafa ƙarfinsa ta hanyar rufe wa iska ƙofa. Yawan man da nozul ke fesawa ake ragewa ko a ƙara, iska kuwa tana shiga a sake. Tun da ba a rufe ƙofa, iska ba ta taruwa irin wancan taruwa, don haka mafi yawan injunan dizal suna da ƙofar hayaƙi amma ba su da bawul ɗin ratse. Bakaniken da ya ƙware a turbon tirela yana iya shafe shekaru bai taɓa ganinsa ba. Ranar da aka kawo masa ƙaramar mota mai fetur, sai ya auna sabon bawul da ilimin tsohon.

Irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a tashoshin Arewa. Volkswagen Sharan, wadda aka fara ƙerawa a 1995, wadda kuma direbobin haya suka mayar da sunanta Sharon, tana da nau'o'in inji da dama, ciki har da na dizal mai lita 1.9 da na fetur mai lita 1.8, duka masu turbo. Wannan inji na 1.8 yana cikin wasu Golf da Passat da Audi A4 da ake shigowa da su na hannu. Bawul ɗin ratse na kamfani a jikinsa na roba ne, da wata fata mai laushi a ciki wadda takan yage idan ta tsufa. Idan ta yage, mai mota yakan sami na ƙarfe a kasuwar kayan gyara, mai kusa a kansa da ake juyawa a ƙara wa sifirin tauri ko a sassauta. A nan saiti yake shigowa.

Yadda bawul ɗin yake aiki

Jikinsa yana da baki uku. Babba na farko yana haɗe da bututun da ke ɗauke da matsattsiyar iska. Babba na biyu mafita ce. Na uku ɗan ƙarami ne a sama, siririn tiyo ya haɗa shi da manifol, wato ɗakin rabon iska da ke bayan ƙofar totur. A ciki akwai fistin ko fata, sifirin yana danne shi a kan mafita.

Idan totur yana buɗe, matsin da ke cikin bututu da wanda ke cikin manifol kusan ɗaya ne. Iska tana tura fistin daga ƙasa, tana kuma danne shi daga sama ta siririn tiyon, ƙarfin biyu ya soke juna, ɗan taurin sifirin ya isa ya riƙe ƙofar a rufe. Idan totur ya rufe, manifol ya koma zuƙa maimakon turi, domin inji yana ci gaba da jan iska daga ɗakin da aka toshe. Zuƙar tana jan fistin daga sama, matsin bututu yana tura shi daga ƙasa, sai ya ɗaga, iska ta fita.

Daga wannan bayani abu ɗaya ya fito fili wanda ya saɓa wa abin da hankali ke fara bayarwa. Abin da ke riƙe bawul a rufe lokacin da mota ke jan kaya a hawa shi ne iskar da ke bin siririn tiyo, sifirin ɗan taimako ne kawai. Wanda ya ɗaure kusar har ƙarshe don motar ta ƙara ƙarfi bai ƙara komai ba, ya dai hana bawul ɗin buɗewa a lokacin da ake bukatarsa. Tunanin nasa daidai yake da ƙofar hayaƙi, inda ƙara taurin sifirin yake ƙara matsi da gaske. Ya yi wa ƙofa ɗaya maganin ɗayar, kuma abin da ya ba shi damar yin haka shi ne suna guda da suke amsawa.

Saiti

Kafin a taɓa kusa, sai an tabbatar da lafiyar abin da ke kewaye da ita. Siririn tiyon da ya tsage saboda zafi, ko ya yi tsawo ƙwarai, ko aka raba shi da wasu na'urori, zai sa bawul mai lafiya ya yi halin marar lafiya. Gwajin bawul ɗin kansa mai sauƙi ne: a cire shi, a tura fistin sama da yatsa, a toshe ƙaramin bakin da wani yatsa, a saki. Idan ya tsaya a sama, ba ya yoyo. Idan ya zame ya koma, saiti ba zai yi masa magani ba.

Ana farawa ne daga sassauci, inji ya yi zafi, na'urar sanyaya ɗaki a kashe. A sassauta kusar, a bar motar a silo, sannan a riƙa ɗaurewa rabin juyi bayan rabin juyi har fistin ya zauna a kan mafita ya daina rawa. Daga nan sai titi. A giya ta uku, a taka totur matsakaici, a saki. Idan aka ji fitar iska sau ɗaya, tsaf, an kusa. Idan aka ji fiffikar tantabara, sifirin ya yi tauri, a sassauta kaɗan. Idan kuwa motar tana tangaɗi a silo, ko tana neman mutuwa idan an taka kuloci, ya yi laushi. Saitin da ake nema shi ne mafi sassaucin da zai iya riƙe ƙofar a rufe a silo. Duk abin da aka ƙara a kan haka asara ce.

Babu adadin juyi da za a rubuta a ce ya dace da kowace mota, kuma dalilin ya shafi irin motocin da ke yawo a wannan yanki. Ƙarfin zuƙar manifol ya dogara ne da lafiyar inji. Injin da ringinsa ya ci, wanda ya yi dubban ɗaruruwan kilomita a Turai kafin ya fara sabuwar rayuwa a matsayin motar haya, zuƙarsa ta fi ta sabon inji rauni. Sifirin da ya yi daidai a sabo zai yi wa tsoho tauri. Takardar da ke cikin kwalin bawul ba ta san wannan ba, kunnen bakanike ne zai sani.

Ina iskar za ta?

Wannan tambaya ta fi ta sifirin nauyi, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Bawul na kamfani yana mayar da iskar da ya saki zuwa bakin turbo, ta sake zagayowa. Da yawa daga na kasuwa kuwa waje suke fesa ta, da wata ƙara mai kama da atishawa wadda matasa masu son mota suke sha'awa, wasu ma don ita kaɗai suke saye.

Motoci da yawa, har da masu injin 1.8 da aka ambata, suna da ma'aunin iska a bayan matatar iska. Duk iskar da ta wuce ta kansa an ƙirga ta, an kai wa ƙwaƙwalwar inji lissafi, ita kuma ta fesa fetur daidai da lissafin. Idan bawul ya zubar da iskar da aka riga aka ƙirga, ƙwaƙwalwar ba ta da labari, sai ta ba da man iskar da ba ta nan. Mai ya yi yawa, ya ƙi ƙonewa duka, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi tari, tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi ta lalace a hankali. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, man da ake zubarwa a kowane canjin giya ya zama abin da direban haya zai ji a aljihunsa. Abin da ya fi wannan shi ne mutuwar inji a lokacin rage gudu. A hanyar da ramuka da shingayen bincike da garken shanu ke sa direba sakin totur a kai a kai, injin da ya mutu yana tafiya da sauƙin sitiyari, birki ma ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, alhali mota cike take da mutane. Injunan da ke auna matsin manifol maimakon ƙirga iska sun fi jure wa fesarwa waje. Sauran, mayarwa ciki ita ce daidai, ko da ƙarar ta tafi.

Ƙura ma tana da nata hukunci. Bawul mai mayarwa ciki, ko ya ɗan buɗe a silo, iskar da ke ratsa shi tatacciya ce. Mai fesarwa waje idan ya buɗe a silo, bakinsa yana iya komawa mashiga, ya zuƙo iskar da ba ta bi ta matata ba. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke rufe sararin Tambuwal da Kebbe har rana ta dushe, wannan ƙasa ce ake ɗura wa inji kai tsaye. Fistin na ƙarfe kuma yana bukatar a riƙa kwance shi ana wankewa ana shafa masa ɗan giris, in ba haka ba ƙura ta haɗu da mai ta zama laka ta riƙe shi, a buɗe ko a rufe. Wannan ne ya sa bawul ɗin roba na kamfani, duk da raina shi da ake yi, ya fi dacewa da motar da ba a ƙara mata matsi ba.

Batun suna

Aikin ƙirƙirar kalmomi a Hausa ya fi ƙarfi a fannonin da masana harshe suka fi kusa da su. Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya tsayar da kalmomin nazarin harshe da adabi, gidajen rediyo kuma sun yi nasu a fagen siyasa da mulki. Gareji an bar shi ya yi wa kansa, kuma ya yi ƙoƙari, sai dai aronsa na kunne ne: yana ɗauko sauti, ma'ana ta biyo baya yadda ta ga dama.

Misalin nokin ya isa ya nuna haɗarin. A gareji, idan aka ce inji ya yi nokin, ana nufin ya mutu, sai an sauke shi. A ilimin injiniya, kalmar da aka aro tana nufin wani abu da ke faruwa tun inji na da rai: fashewar mai ba bisa tsari ba a cikin silinda, mai ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Matsi mai yawa da iska mai zafi da fetur marar inganci su ke kawo shi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, ga man jarka na bakin hanya, duka ukun suna iya haɗuwa a injin da aka taɓa masa ƙofar hayaƙi. Kalmar da ya kamata ta zama gargaɗi ta koma sunan gawa, gargaɗin kuma ya rasa suna.

Ga bawul ɗin da ake magana a kai, aro yana da ƙofa a buɗe, domin baifas kalma ce da mazauna Sakkwato da Kano suka sani a matsayin titin da ke kewaye gari. Hoton ya yi daidai, amma bai raba gardama ba, tun da ƙofar hayaƙi ma hanyar kewaye ce. Abin da sunan ke bukatar ɗauka shi ne abin da ke wucewa ta ciki: ɗaya hayaƙi, ɗaya iska. Ratse ya fi kewaye dacewa da na iska domin ratse na ɗan lokaci ne, mai ratse yana komowa kan hanya, kamar yadda iskar ke komowa bakin turbo. Yaron gareji da aka koya wa bawul ɗin ratse zai yi tambaya idan ya ga wanda ke fesarwa waje, domin sunan ya riga ya gaya masa cewa iskar nan komawa ya kamata ta yi.